Ƙawata na jinyar iyayenta su biyu, ta yaya zan taimaka mata ba tare da na zame mata wani nauyin ba?

Wata 'yar uwa ce ta turo tambayar. Ƙawarta ce tun ta ƙuruciya, mahaifiyar ƙawar ta samu shanyewar ɓarin jiki wata huɗu da suka wuce, an sallame ta tana kwance a gida, shi kuma mahaifin dama yana fama da ciwon suga, yanzu ga mantuwa ta fara kama shi. Ƙawar ce a kusa da su, ga miji ga yara ga wurin aiki. Duk sanda ta ce mata "in kina buƙatar wani abu ki faɗa min" sai ta ce ba komai, Alhamdulillah, amma tana kallonta tana ramewa a tsaye. Shine take tambaya me zata yi.

Toh 'yar uwa sannu da ƙoƙari, Allah ya ba su Mama da Baba lafiya, ya saka miki da kika damu da ita haka. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma yawancin aikina da tsofaffi ne da masu doguwar jinya, a asibiti da kuma bayan an koma gida, don haka bari in fara da abinda zaki gyara tun yau: ki daina ce mata in tana buƙatar wani abu ta faɗa. Nasan da zuciya ɗaya kike faɗa, amma maganar nan aiki take ƙara mata. Sai ta zauna ta yi tunanin me take buƙata, ta auna ko zaki iya, ta auna ko bata takura miki ba, ta haɗiye kunya ta roƙa, kinga mutumin da bai yi barcin kirki ba wata da watanni bashi da ƙarfin duk wannan lissafin, "ba komai" ta fi masa sauƙi. Ke zaki zaɓi aikin, ki saka masa rana da lokaci, ita nata kawai ta ce toh ko a'a. Misali ki ce mata, ranar Asabar ƙarfe goma zan zo in zauna da Mama har ƙarfe biyu, ke ki shiga ɗaki ki kashe waya ki kwanta. Ko ki ce, kayan wankin gadon Mama ki tara min su, duk Talata zan aiko a ɗauka. Shikenan.

Kuma dan Allah ki zaɓi abinda zaki iya jurewa. Satin farko da ciwo ya faru gida cike yake da masu dubiya, waya bata hutawa, kowa yana ya mai jiki. Wata uku wata huɗu kowa ya koma harkarsa, daidai lokacin da gajiyar gaske ta fara kenan, kuɗin hannu sun ƙare, hutun wurin aiki ya ƙare, ciwon kuma bai tafi ko ina ba. Ƙawarki yanzu a wannan gaɓar take. Ƙaramin abu da zata san tabbas yana zuwa duk sati ya fi mata babban abu na rana ɗaya, saboda akan tabbas ɗin take iya tsara rayuwarta, ta ce ranar kaza zan je in ga likitan haƙori, ranar kaza zan je makarantar yara. In wani satin bazaki samu zuwa ba ki faɗa mata da wuri, kar ki bari sai ta gama sa rai.

Sai ki san yanda ranarta take, don mutane da yawa basu sani ba. Wanda yake kwance baya iya juya kansa ana so a juya shi duk bayan awa 2, har da dare. A tsakani akwai canza famfas, goge jiki, canza zanin gado in ya ɓaci, ba da abinci wanda cokali goma zai iya cin rabin awa, magani kala kala kowanne da lokacinsa. Tana gamawa da Mama ta ɗan sa haƙarƙarinta ƙasa sai ta ji motsin Baba ƙarfe uku na dare yana laluben ƙofa wai zai tafi wurin aikin da ya bari shekara ashirin. Gari na wayewa ga yara zasu makaranta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon mantuwa a duniya sun haura miliyan 55, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na awannin da ake kashewa wajen kula da su mata ne suke yi, galibi 'ya'ya mata da matan aure, ba albashi ba hutu. Akwai wani bincike da aka yi a Amurka, ya fito a mujallar likitoci ta JAMA a 1999, an bi tsofaffin da ke jinyar mazansu ko matansu na shekara 4, aka ga waɗanda jinyar ta matse su haɗarin mutuwarsu ya fi na sa'anninsu marasa jinya da kashi 63 cikin 100. Eh tsofaffi ne ba sa'annin ƙawarki ba, amma ni abinda nake gani a wurin aiki bai saɓa da haka ba, mai jinya tana kawo mara lafiya asibiti mu gwada ta mu samu jininta ya fi na wanda ta kawo hawa. Don haka ki riƙe wannan: su Mama suna da mai kula da su, ita ce bata da shi. Ke majinyaciyarki ita ce.

Babban abinda zaki iya bata kuwa barci ne, awa huɗu ko biyar a jere ba wanda ya tashe ta. Amma bazata runtsa ba in bata yarda zaki iya riƙe wurin ba, zata kwanta kunnenta na ɗakin Mama. Shi yasa nake so ki koyi abubuwa kaɗan, ki ce mata ta nuna miki da hannunta sau ɗaya ko biyu kina yi tana kallo.

Juyi dai ga yanda yake. A ninka zani mai ƙwari a shimfiɗa shi a ƙarƙashin Mama daga kafaɗa zuwa cinya, da shi ake jawo ta, ba a jan fatar mutum akan katifa don gogar nan ita ke yaga fatar tsoho. Ki yi mata magana tukunna, Mama zan juya ki ɓangaren taga, ko da kina ganin kamar bata ji. Ki tanƙwara gwiwar da ke nesa da ke, hannu ɗaya a kafaɗa ɗaya a ƙugu, ki mirgino ta wajenki a hankali, ki sa filo a bayanta yanda zata ɗan kishingiɗa ba ta hau kan ƙashin ƙugu gaba ɗaya ba, filo ɗaya tsakanin gwiwoyi, ɗaya a ƙarƙashin ƙwauri don dunduniya ta tashi daga katifa. Kar ki taɓa ɗaga ta ko jawo ta da hannun da ya shanye, naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, ƙaramin ja zai iya goce ta, ciwon kuma yana daɗewa. Kina juyawa kina duba fata: ƙasan gadon baya wajen saman mazaunai, ƙugu, dunduniya, idon sawu, gwiwar hannu, allon kafaɗa, ƙeya. A fata mai duhu ba lallai ki ga ja ba, zaki ga wurin ya fi kewayensa duhu ko ya yi sheƙi, ko ki ji ɗumi ko tauri in kin taɓa. Wannan shine farkon gyambon kwanciya. Kar a murza wurin, a ɗauke nauyi daga kansa a gaya ma nas ko likita. Gyambon nan cikin kwana kaɗan yake buɗewa, warkewarsa kuma sai a yi watanni, wani har ƙashi yake kaiwa, gaskiya ba abinda ke karya zuciyar mai jinya irinsa don sai ta ɗauka sakacinta ne.

Abinci kuma, shanyewar jiki tana yawan taɓa haɗiya. A zaunar da ita sosai, ba a kishingiɗe ba, cokali ƙarami, a jira ta haɗiye kafin a ƙara, ba hira da ita tana tauna. In tana tari lokacin ci, ko muryarta ta koma kamar mai kurkure da ruwa a maƙogwaro, ki tsaya, alama ce abin yana bin hanyar iska, kuma daga nan ake samun nimoniya, wato ciwon huhu, wadda tana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan ciwon bayan sun tsallake na farko. Ruwa zalla sau da yawa ya fi abu mai ɗan kauri saurin ƙware su, mutane suna mamakin wannan. Bayan an gama ki duba cikin kumatun ɓangaren da ya shanye, abinci na maƙalewa a wurin bata sani ba, a goge bakin, ta zauna a miƙe kamar minti 30 kafin a kwantar.

Shi kuma Baba abinda na fi jin tsoro a tsoho mai suga da mantuwa ba hawan sugan bane, faɗuwarsa ne. Ya sha magani ya manta bai ci abinci ba, ko ya manta ya sha ya ƙara sha. Insulin da irin su glibenclamide suna iya jawo suga ƙasa sosai. In kin ga yana zufa, hannu na rawa, ya rikice ko ya hau faɗa ba dalili, ko barci na fizgarsa, a gwada, ƙasa da 70 a injin da ke awo da mg/dL, ko ƙasa da 3.9 a mai mmol/L, ya faɗi kenan. In yana iya haɗiya a bashi suga cokalin shayi 3 zuwa 4 a ruwa, a sake gwadawa bayan minti 15, in ya dawo a bashi abinci. In ba injin a kusa kuma alamun sun nuna, a bashi sugan, ya fi a tsaya jira. Amma in ya suma kar a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a yi asibiti.

Abu biyu kuma da ba a jira gari ya waye. Na farko baki ya karkace, hannu ko ƙafa ya saki, magana ta sarƙe, ko a Mama ko a Baba, ki duba agogo ki riƙe lokacin da abin ya fara don likita zai tambaya, akwai allurar narkar da gudan jini da galibi sai cikin awa 4 da rabi na farko ake iya yinta, kuma kar a ba da asfirin ko wani abu a gida, sai an yi hoton ƙwaƙwalwa ake sanin toshewa ce ko fashewar jijiya. Na biyu tsoho ya rikice farat ɗaya, jiya lafiya yau bai san inda yake ba, ko yana ganin abinda ba kowa ke gani ba, ko ya yi laƙwas baya magana. Mutane sai su ce ai mantuwar ce ta ƙaru. Ciwon mantuwa a hankali yake tafiya, wata da watanni. Wanda ya zo cikin awanni ko kwana ɗaya biyu yawanci wani abu ne a jiki, ciwon mafitsara, nimoniya, ƙarancin ruwa, fitsari ya ƙi fita, bayan gida ya ƙi, ko sabon magani, kuma tsoho zai iya samun duk wannan ba zazzaɓi ko kaɗan. Ana magance shi in an kai da wuri.

Ki ce ma ƙawarki ta rubuta miki lambar likita ko nas ɗin da ke duba su, da wanda zai kawo mota, a manna a bango. Da wannan kin isa ki zauna awa huɗu hankali kwance.

In kuma ke ba mai iya jinya bace, wasu ko warin ɗakin mara lafiya basa iya jurewa kuma ba laifi bane, to gidanta yana nan yana jiranki. Jinya tana cinye gida biyu ne, na iyayen da nata. Ɗauko yara daga makaranta, zama da su su yi aikin gida, kai su aski ko gyaran kai, ɗauke su yini guda su yi wasa da naki, cefane, biyan kuɗin wuta da ruwa kafin a yanke, karɓo magani, bin layin asibiti. Wanki kaɗai ya isa aikin mutum guda a gidan da ake jinyar wanda ke kwance. In zaki kawo abinci ki kawo na gidan gaba ɗaya a mazubin da ba sai an dawo miki da shi ba, na marasa lafiyan kuma ki tambaya tukunna me aka hana su, gishiri ne ko zaƙi ko abu mai tauri. Yaran nan ki sa musu ido, suna ganin uwarsu kullum a gajiye tana musu tsawa akan abu kaɗan, wani yaron sai ya koma fitsarin kwance, wani karatunsa ya ja baya, ba sai kin yi musu wani dogon bayani ba, ki ce kakarku bata da lafiya, mamanku ta gaji ne, ba ku kuka yi laifi ba.

Wani aikin da nake jin daɗi in na ga ƙawa ta ɗauka shine na takardu. Ki zauna da ita ku juye ledar magunguna duka akan tebur, har da waɗanda aka siya ba likita ya rubuta ba da na gargajiya, ki rubuta sunan kowanne, ƙarfinsa, sau nawa, na waye, a takarda ɗaya ta Mama ɗaya ta Baba, ki ɗauki hotonsu a waya. Sau da yawa a nan ake gano magani ɗaya ne ake sha sau biyu da suna daban daban, ko wanda aka ce a daina tun tuni ana nan ana sha. Ki kula da magungunan ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen, tsofaffi na shansu kamar ba komai ba alhali suna taɓa ƙoda, suna jawo gyambon ciki da zubar jini musamman ga mai shan maganin tsinka jini, suna kuma hau da jini. Ba ke zaki hana ko ki canza ba, ki sa a jerin tambayoyin da za a yi ma likita. Ranar ganin likita ki raka ta, ita tana riƙe da mara lafiya ke kina rubuta abinda aka ce, don wallahi rabin bayanin a bakin ƙofa yake zubewa. Ki tuna mata ta tambayi batun gashin ƙashi da motsa jiki ma Mama, watannin farko bayan ciwon sune aka fi samun dawowar ƙarfi, bai kamata a bar su su wuce a kwance ba. Ta kuma faɗa in Mama ta daina son cin abinci ko tana yawan kuka, kusan mutum ɗaya cikin uku na masu shanyewar jiki suna samun ciwon damuwa, kuma yana da magani.

Ki zagaya gidan da idon baƙo, ita ta saba bata gani. Darduma mai naɗewa, wayar caji a ƙasa, banɗaki mai santsi, lungun da ba fitila tsakanin gado da banɗaki, silifas da ya yi ma Baba yawa. Kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka kai 65 zuwa sama suna faɗuwa aƙalla sau ɗaya a shekara, karayar ƙugu kuma a tsoho sau da yawa daga ita ba a ƙara tashi. Kujerar roba a banɗaki, ƙarfen riƙewa a bango, ƙaramar fitila mai kwana a kunne, aikin yini ɗaya ne in kin samo mai gyara. Magunguna da ashana da makullin mota a ɗauke daga inda hannun Baba zai kai, a sa masa takarda mai suna da lambar waya a aljihu ko da zai fita ba a sani ba.

Zama da Baba shima sai an koya. Kar ki shiga kina ce masa Baba ka gane ni, wacece ni? Jarrabawa ce da zai faɗi ya ji kunya. Ki ce Baba ni ce wance ƙawar 'yarka, na zo gaishe ka. In ya maimaita tambaya sau goma ki amsa sau goma, a wurinsa ta farko ce. In ya ce an sace masa kuɗi, har ya nuna ke ko ita, kar ki yi musu kar ki ji haushi, ki ce bari mu duba tare, yawanci yana ƙarƙashin filo ko cikin takalmi. In ya tambayi mahaifiyarsa da ta rasu tun da daɗewa, ba sai an sake sanar da shi mutuwar ba ya yi sabon kuka, ki ce ka tuna ta ne Baba? bani labarinta. Yamma in rana ta kusa faɗuwa rikicewar ta fi tashi, don haka in kina son rage ma ƙawarki wahala sosai wannan lokacin ne ya fi tsada a wurinta. Kuma ki gaya mata da bakinki cewa zargin da zagin ciwo ne, ƙwaƙwalwa ce ke lalacewa, ba halinsa bane ya fito, ba kuma don bata kyauta masa ba. Ta sani a kanta, amma ji daga bakin wani daban ne.

Yanzu ga inda na fi so ki nutsu. Wata rana kuna zaune, wataƙila kuna ninke kaya, zata ce miki na gaji. Ko ta ce jiya na daka ma Baba tsawa har ya yi shiru yana kallona. Ko ma ta faɗi wadda ta fi nauyi, cewa wani lokacin tana ji da ma abin ya zo ƙarshe kowa ya huta, sai ta fashe da kuka tana cewa wace irin 'ya ce ni. Na sha jin wannan maganar a bakin 'ya'yan da suka fi kowa kula da iyayensu, masu kwana a ƙasa gefen gado, waɗanda suka gudu basa kaiwa ga wannan gajiyar ai. Kar ki zaro ido, kar ki yi saurin rufe mata baki da ki yi haƙuri lada kike samu. Ladan tana nan in sha Allah, ita ma ta sani, amma in shine kawai amsarki abinda zata ji shine kar ta ƙara faɗa. Ki ce mata dole ki gaji, duk wanda ke yin abinda kike yi zai gaji, ki bar ta ta yi kukanta. Maganar kuma ta mutu a wurin, ko mijinki kar ya ji.

Akwai wata shawara da wata masaniyar halayyar ɗan Adam mai suna Susan Silk ta rubuta tare da Barry Goldman a jaridar Los Angeles Times a 2013, na ga tana aiki. Mara lafiya a tsakiya, na kusa da shi a zagaye na farko, sai na bayansu, haka haka. Lallashi ciki ake kai shi, ƙorafi kuma waje. Wato ita tana da damar ta sauke miki damuwarta, ke kuma in ganin Mama a haka ya tayar miki da hankali, wani na waje zaki samu ki gaya ma, ba ita ba. Kar ta koma tana lallashinki. Haka labarin wane ma irin ciwon ne ya yi sati biyu ya rasu, da turo mata bidiyon masu maganin da ke tayar da shanyayye cikin kwana bakwai, da me yasa baku kai ta wuri kaza ba, duk ki rufa mata asiri ki bari. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ta tambayi ra'ayinki ki faɗa, in bata tambaya ba kuma ba abu ne mai haɗari ba ki yi shiru. Kuma ba kullum zancen ciwo ba, ki bata labarin duniya, ku yi dariya, ki ci gaba da gayyatarta abubuwa ko da kin san bazata zo ba, a tura mata saƙo a rubuta ba sai kin amsa ba.

Batun 'yan uwanta nasan zai taso, kusan kowane gida mutum ɗaya ake bar ma jinya sauran suna waya suna ba da umarni. Kar ki shiga faɗan, gobe zasu shirya ke ki zama bare mai haɗa husuma. Abinda zaki iya shine ki taya ta rubuta duk ayyukan sati da duk abinda ake kashewa, a fili, don na nesa sau da yawa da gaske basu san yawan aikin ba, sai ta tura musu kowa ya ɗauki nasa, wannan kuɗin magani, wannan albashin mai taya kwana, wannan ya zo ya karɓe ta sati ɗaya. A samu mutum ɗaya kuma mai ba dangi labari a guruf ɗin WhatsApp, ta huta da amsa waya talatin a rana. In zaki taimaka da kuɗi kar ki tambaye ta ko tana so, ki siyo abinda ke ƙarewa kullum, famfas, safar hannu, sabulu, tsinken gwajin suga, ki ajiye ki yi gaba, kar kuma ki ƙara tada zancen.

Ita kanta ki sa mata ido. In ta yi sati 2 ko fiye ba walwala, ba sha'awar komai, ko ta samu damar barcin amma ya ƙi zuwa, bata ci, tana yawan cewa bata da amfani, wannan ya wuce gajiya, ki raka ta ta ga likita. In ta ambaci cutar da kanta, ko kika ga tsawar ta fara komawa duka ko finciko, ranar za a nemi taimako, a samo wanda zai karɓe ta, ba don ita muguwa bace, ƙarfinta ne ya ƙare. Ki tambaye ta yaushe rabon da a gwada jininta da suganta, tunda ciwon yana gidansu, da kuma bayanta, don ɗaga babban mutum kullum ba dabara yana lalata ƙugu.

In jiki ya ci gaba da yin ƙasa, akwai fannin kula da masu ciwon da ba a sa ran warkewa, wanda wata likita 'yar Birtaniya, Cicely Saunders, ta kafa tushensa na zamani da ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967. Aikinsu rage zafi da wahalar numfashi da tashin hankali, da tallafa ma iyali, ba wai an cire rai bane, ana iya haɗa shi da sauran magani. Ta tambayi likitansu ko akwai irinsa kusa. In kuma rai ya yi halinsa, ki sani masu doguwar jinya sun fi jin abin bayan an watse, hannun da ya saba da aiki dare da rana ya rasa abin yi, ga sauƙin da ta ji a ranta yana sa ta jin laifi, a lokacin ma zata buƙace ki.

Zai iya yiwuwa duk ki yi wannan ta ce a'a. Wasu gani suke in sun karɓi taimako sun gaza, wasu kunyar a ga iyayensu a wannan halin suke, Mama ma kanta ƙila bata son wata bare ta ga tsiraicinta, kuma haƙƙinta ne a tambaye ta. Kar ki yi fushi kar ki matsa. Ki koma kan abinda baya buƙatar shiga ɗakin, yara, wanki, cefane, magani, ki bar sati biyu ki sake tayin zaman, wannan karon ki ce awa ɗaya kawai tana gidan, ta yi wanka a nutse ta ci abinci a zaune. Ke ma ki faɗa mata iyakarki tun farko, ranar kaza nake da dama, dare kam bazan iya ba, don in ta san baki cutar da gidanki saboda ita ta fi saurin karɓa.